Gini Nawa, Suna na Basiru

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Jiya na ji ɗayanku yana cewa gini ba wani abu ba ne, a ja igiya, a ɗora bulo kan bulo, duk wanda ya yi rani ɗaya a shantiye, wato wurin aikin gini, ya iya. Lokacin kwaɓi yana bushewa a kwano, sai na ci gaba da aikina. Yau da ruwa ya hana mu aiki, bari in ba ku amsa. Kun san ni da Baba Isufu magini, amma ba ku san inda na faro ba, ba ku kuma san abin da ya sa in aka ambaci Basiru nake sauya zance ba.

A Zongo ta Parakou aka haife ni. Kakana fataucin goro ya kawo shi, ubana ya gaji rumfa a kasuwa, ni kuwa zaman rumfa bai karɓe ni ba, sai aka kai ni wurin Baba Idi, wanda rabin katangun unguwarmu aikinsa ne. Na daɗe a hannunsa ban taɓa cokalin gini ba. Diga, shebur, kwano a ka, da wata buruwet, wato baro, da ake jin kukan ƙafarta tun daga bakin titi. Kayansa na kansa ba su cika buhu ba: cokali, igiya, dunƙulen dalma da ake sakowa da zare a ga ko bango ya miƙe, tiyo mai ruwa na daidaita tsayi, sai wani dogon ƙarfe mai tsini da yake soka wa ƙasa kafin ya yarda a zuba harsashi. Ranar da ya fara miƙa mini cokali, layin da na ja bai sa an rushe shi ba. Ba a taɓa yi wa wani yaronsa haka ba, ku tambayi duk wanda ya san shi.

Ana cikin haka aka kawo Basiru. Ɗan wani direban babbar mota ne daga Nijar, uban ya ajiye shi wurin ƙanwarsa a Zongo ya ci gaba da hanya. Na girme shi, na riga shi shiga sana'a, shi ya sa har yau Yaya yake ce mini. Hannunsa kuwa, Allah ya sawwaƙe. Bangon Basiru ciki yake yi kamar wanda ya ƙoshi da sakwara. Sau nawa Baba Idi ya sa ni in warware layinsa in sake, shi yana tsugune yana kallon inda tururuwa ke fitowa.

Aikin da ya raba mu shaguna ne na wani Alhaji Mudi mai sayar da kayan babur. Filin a shimfiɗe yake, jar ƙasa a sama, da tauri kamar kankare. Ni na haƙa ramin harsashin da hannuna har ya kai gwiwa. Baba ya gwada ƙarfensa ta gaba, ya ji tauri, ya ce a kawo tsakuwa. Basiru yana zaune cikin ramin ta kusurwar baya yana cin gyaɗa, yana murza ƙasa da yatsa.

Sai ya ce, "Baba, wannan ƙasar ba a nan aka haife ta ba."

Baba ya ce, "To a ina aka haife ta?"

"Kawo ta aka yi. Duba ka gani."

Ya buɗe hannu, ga gutsuren tukunya, ga gawayi, ga ɓallin takalmin roba. Baba ya sauka ya soka ƙarfen a wurin, ya danna da nauyinsa. Da ya wuce ɗan ɓawon sama, sai ƙarfen ya shige har hannu kamar an soka shi cikin tuwo. Wata tsohuwa da ke maƙwabtaka ta ce ai nan kududdufi ne tana yarinya, nan mutanen Zongo suka ɗebi ƙasar ginin gidajensu, daga baya aka yi ta zuba shara har ya cika, mai filin ya sa aka lulluɓe shi da jar ƙasa ya sayar. Sai da muka haƙa har ramin ya shanye tsayin mutum kafin mu taɓa ƙasar asali. Alhaji Mudi ya yi ta faɗa, yana cewa shago ya ce a gina masa ba rijiya ba. Da damina ta biyu ta zo, ƙofar maƙwabcinsa, wanda ya yi gini bai haƙa ba, ta ƙi rufuwa, sai faɗan ya koma godiya. Ƙasar nan fa a kan shebur ɗina ta wuce, ni na watsa ta waje. A ranar Baba ya ce, a gaban lebura da mai gida, "Isufu yana da hannu, Basiru yana da ido." Rabin maganar na ƙarshe kaɗai mutane suka riƙe.

To ku da kuke ganin bulo ne gini, ku saurara. Bango ba ya tsayawa da kansa, ƙasa ce take ɗauke da shi, kuma ƙasa iri-iri ce. Akwai marmara, wadda diga ke tsalle a kanta, ita ce abokiyar magini. Akwai baƙar ƙasa ta fadama, da damina ta kumbura ta ɗaga ɗaki, da rani ta tsage ta sake shi, ta yi ta wasa da shi har ya gaji. Akwai ciko irin na Alhaji Mudi. Akwai tsohon gidan gara, sama lafiya, ƙasa duk rami. Wannan duka ana iya koya. Abin da ba a gaya wa mutum sai ya gani da idonsa shi ne, ƙasar da ka yi gini a kanta bana ba ita ce za ka tarar ba bayan shekara goma. Wani zai sare itace a sama da kai, wani ya kwashe yashi a ƙasa da kai, wani ya juyo maka ruwan rufinsa, kuma ba wanda zai zo ya yi maka sallama.

Rana ɗaya Baba ya yaye mu, ni da Basiru, tabarma ɗaya, addu'a ɗaya, duk da shekarun da na ba shi. Daga nan kowa ya kama gabansa. Ni na yi suna da shafe da kusurwa, in na gama bango sai ka rantse da wuƙa aka yanke shi. Basiru bai ma ƙara wahalar da kansa da cokali ba. Ya zama wanda ake kira kafin a sayi kare, wato fili, ya zo ya zagaya, ya tsuguna, ya ce e ko a'a, ya hau zemijan, wato babur na haya, ya tafi da rigarsa fes. Masu gida kuwa kun san su. Wani yana son bene a kan harsashin ɗaki ɗaya. Wani zai tsaya a kanka yana ƙirga buhun siminti da ido, in ka ce a ƙara zurfi ya ce abin da za a binne me ya sa za a ɓata masa kaya. Ni sai in yi ta bayani har bakina ya bushe. Basiru in ya ce a ƙara, ba mai musu.

Akwai magaza da na gina wa ƙungiyar manoma a Kolokondé, ta ajiyar masara da dawa. Wurin da dattawa suka nuna mini bakin hanya ne, kusa da wani ƙaton rami da masu gyaran hanya suka ɗebi jar ƙasa suka bari. Da rani na je, ramin a bushe, awaki suna kiwo a ciki. Na duba bakinsa na ga yana zubewa ta ƙasa, saiwar wata kaɗanya tana reto a iska. Na ce ba zan yi gini a nan ba, a matsa can kan tudu. Aka yi ta ja da ni, don motar ɗaukar kaya za ta sha wuya. Na kafe, suka haƙura. Yau in kun je, inda suka so a sa magazar ya zama bakin tafki, magazar kuwa tana can daram. Ba wanda ya taɓa tuna cewa ni na hana. Ranar da na miƙa makulli ma, shugaban ƙungiyar cewa ya yi, "Aikinka ya yi kyau, Malam Isufu. Kai ma Parakou kake? To ka san Basiru?"

Aikin da na fi ji da shi a duniya benen Hajiya Rabi ne a Djougou. Mace ce mai fataucin man kaɗe, ita ke riƙe da gidansu duka, har da tsohuwar uwarta. Filin yana kan gangare. Sama da shi gonar mangwaro da kashu ce, ciyawa har ƙugu, ƙasa da shi kuma wani ɗan rafi mai yashi wanda yaro ke tsallakewa. Na haƙa har marmara a kowace kusurwa, ban bar ko ɗaya ba. Na sa ƙarfe yadda ya kamata, na zuba dal, wato kankaren rufin bene, ina tsaye a kai tun safe har aka gama, ban bar lebura sun ƙara wa kwaɓi ruwa ba. Shaguna a ƙasa, iyali a sama, baranda mai ƙofofin baka da na zana da kaina. Mutane har tsayar da babur suke yi su kalla. Na ce wa Hajiya jikokinta za su gaji gidan nan, kuma da gaske nake.

Shekaru suka wuce, gari ya hau tudun. Aka sare mangwaron aka yanka karekare. Kowa ya yi rufin kwano, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti don kada mata su taka taɓo, kowa ya huda katanga ya saki ruwansa waje. Ruwan da a da ciyawa ke sha, yanzu ba inda zai shiga. Sai kuma aka zo gyaran hanyar sama, aka yi mata kanibo mai kyau, magudana ta kankare, amma aikin ya tsaya a rabi, bakin magudanar ya ƙare daidai saman lungun da ya bi ta gefen katangar Hajiya. Ta ƙasa kuma masu kamiyo, manyan motocin ɗaukar kaya, sun yi shekaru suna kwasar yashin rafin suna sayar wa irinmu, har rafin ya zurfafa ya wuce tsayin mutum. Ruwa ya samu mai tara shi a sama, ya samu inda zai faɗa a ƙasa. Gidan yana tsakiya.

Shekarar da nake kira mummuna, ruwa ya yi ta zuwa ba hutu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi wani mai ƙarfi, lungun nan ya zama kogi, kafin la'asar ya zama kwazazzabo. Ya cinye makewayin maƙwabci da rabin ɗakinsa, mutumin ya karye a ƙafa garin fid da akuyarsa. Ya kwashe katangar Hajiya, ya tono ƙasar da ke jikin kusurwar benen har harsashi ya fito fili, ruwa ya shiga ƙarƙashin marmarar yana kwasar taushin da ke ƙasa da ita. Washegari aka kira ni. Na hau motar farko. Na tarar da tsaga ta taso daga kusurwa ta ratsa baranda, hannuna yana shiga cikinta. An sauko da tsohuwar a kan kujera, masu shaguna suna kwashe kaya, unguwa duka ta fito kallo.

Hajiya ta ce, "Malam Isufu, ba kai ka ce mini jikokina za su gaje shi ba?"

Na ce, "Ni na faɗa, Hajiya. Ginin bai yi ƙarya ba, ƙasar aka sauya masa."

"Ni ban san wannan ba. Me za a yi?"

Na ce a yi ƙatuwar katangar kankare a bakin kwazazzabon ta tare ruwan, sannan in shiga ƙarƙashin kusurwar in ƙara mata ƙafa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To. Na dai riga na aika a kira Basiru."

Da azahar ya iso, da farar riga. Ya gaishe ni, "Yaya, ina wuni, ya hanya?" Ya ɗan dubi tsagar, ya ce wa Hajiya a gaban kowa ba don ginin Yaya ba ne da tun jiya yana ƙasa. Daga nan bai ƙara kallon benen ba, sai ya juya ya hau tudu yana bin sawun ruwa. Ni ma na san daga sama ruwan yake, makaho ma ya sani. Da ya dawo ya ce, "Yaya, katangarka za ta yi kyau, amma ruwan zai bi ta ƙarƙashinta, kuma ranar da za ta faɗi da kusurwar za ta tafi. Mu gajiyar da shi tun daga can, ya iso nan ba ƙarfi." Na duba zurfin ramin, na ga gaskiyarsa.

Abin da ya yi ba gini ba ne a wurina. Kwandunan waya ya sa aka saƙa, aka cika su da duwatsu, aka jera su hawa-hawa cikin kwazazzabon kamar matakala, ruwa ya faɗo kan wannan ya huce, ya faɗo kan wancan. Ya sa aka dasa ciyawar jema a gefe da gefe don saiwarta ta riƙe ƙasa. Ya ɗauki delege, wato mai unguwa, suka bi gidajen tudu ɗaya bayan ɗaya, yana magana da wannan da yaren Dendi, wancan da Faransanci, har mutanen da ba su taɓa gaisawa da Hajiya ba suka yarda suka fasa gefen simintin tsakar gidansu, aka haƙa musu ramin da zai sha ruwan rufi. Ni da zan je, kora ta za su yi. Bakin ma Allah ya ba shi.

Aikin da zai iya kashe mutum kuwa nawa ne. Ku da kuke cewa gini sauƙi, ku zo ku kwanta ƙarƙashin bene mai tsaga. Ana tokare shi da manyan itatuwa, a haƙa ɗan rami ƙarƙashin harsashi daidai faɗin kafaɗa, a bi shi har a samu tauri, a sa ƙarfe, a zuba kankare, a jira ya kama, sannan a matsa gaba. In ka yi gaggawa ka buɗe biyu a jere, gidan ya zauna a kanka. Lebura suka ƙi shiga, ni na shiga da ɗan guntun diga, a durƙushe, ina jin yashi yana zubo mini a wuya duk lokacin da babbar mota ta wuce a titi.

A rami na kusa da ƙarshe, da rana tsaka, gefen da ya jiƙe ya saki. Ban ji ƙara ba, na dai ga haske ya ragu, ƙasa ta kama ni har ƙirji, numfashi ya ƙi shiga. Lebura suka watse, suna tsammanin benen ne ke tahowa. Mutum ɗaya ya diro cikin ramin yana tono da hannu, yana cewa, "Yaya, kada ka motsa, ɗaga haɓarka kawai." Ya tone ni har ƙugu, ya sa hannu ƙarƙashin hammatana ya ja, muka fito tare, takalmina ɗaya ya zauna can har yau. Farar rigar ta zama ja. Na zauna a ƙasa ina tari, na ɗaga kai na ga wanda ya fid da ni. Cikin duk mutanen Djougou, sai da ya zama shi.

Na yi masa godiya, mutum ba ya ƙin wannan. Bayan kwana kaɗan na koma na ƙarasa ramin, na ɗinke tsagar da ƙarfe, na sake shafe barandar har ba mai iya nuna inda ta fashe. Benen yana nan, tsohuwar ta koma ɗakinta, a ciki ta cika, jikokin Hajiya suna wasa a matakala. Ku je ku tambayi kowane mai zemijan a unguwar, zai kai ku. Sunan wurin yanzu gidan da Basiru ya tsayar.

Ni kuwa labarin da ya riga ni isa Parakou a bakin direbobi shi ne ginin Isufu ya tsage a Djougou, har ya binne shi. Ba wanda ya kawo zancen kanibo ko na masu yashi. Wanda ya ba ni aikin makarantar allo ya ce a dakata. Wani Alhaji da muka riga muka ja igiya a filinsa ya daina ɗaukar wayata. Ranin nan duka a bakin titin unguwar Albarika na yi shi, ina buga bulo da hannu ina sayarwa kamar wanda bai taɓa riƙe cokali ba. Can Basiru ya same ni, ya tsaya yana juya bulo ɗaya a hannu, ya ce yana da shantiye uku ba mai ja masa layi madaidaici, ko Yaya zai taimake shi. Haka ya ce, in taimake shi. Da iyali a gida, na je. Bangayen da kuke gani kuna cewa Basiru ya iya aiki, da yawansu wannan hannun ne.

Da Allah ya sa na samu na yin nawa gidan, a nan Albarika na nemi kare. Damina biyu ina zuwa ina tsayawa cikin ruwa ina kallon inda yake bi, na hau sama na ga abin da ke can da abin da za a iya ginawa gobe, na tambayi tsofaffi ko an taɓa ɗibar ƙasa a wurin. Matata Hauwa ta ce, "Malam, da ka kira Basiru ya ɗan duba mana." Na ce mata shekara nawa tana cin tuwon gini, ba ta san mijinta magini ba ne? Ranar da muka gama haƙa harsashi, ina cikin rami, sai ga zemijan ya tsaya. Ashe Hauwa ta aika wa Basiru ta wurin matarsa. Ya yi sallama, ya nannaɗe riga ya sauko, ya murza ƙasar, ya taka nan ya taka can, ya dubi tudu.

Ya ce, "Yaya, ni ma da nan zan zaɓa. Ba abin da zan ƙara."

Ya sha ruwa ya tafi, bai kai tsawon cin tuwo ba a wurin. Kafin wata ya ƙare, mai sayar da filayen gefenmu ya fara ce wa masu saye nan ne layin da Basiru ya duba.

Bara da aka yi ruwan nan mai yawa, wata ƙawar Hauwa ta zo daga Zongo, gidansu duk ya jiƙe, bango ya fara rabuwa. Na ji tana tambayarta ko ba ta jin tsoro in hadari ya haɗu. Hauwa ta yi dariya ta ce, "Tsoron me? Ai mu Basiru ya duba mana."

Ina zaune a zauren da na gina da hannuna, ina jin su.